Ranar Da Aka Yi Wa Kulu Fatiha Tana Zaune

Unguwar Dosa, Kaduna
7 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Inuwa da yara. An yi salla lafiya? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da gwiwata da har yanzu ba ta shiri da matakala.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Sau uku ina kiran ki a kan maganar nan, da na ambaci Bara'atu sai ki ce "to, to, madalla," ki ce ana sallama a waje, ki kashe. Takarda dai ba a kashe ta. Na ba Malam Rabi'u direban motar goro, ya ce yana gama sauke kaya a Babbar Kasuwa zai juya Shagamu.

Ga maganar. Jami'a ta sa ranar bikin yaye ɗalibai, Asabar 26 ga wannan wata. Sun yi jinkiri har yaran sun gama bautar ƙasa, amma dai an sa. A cikin ɗalibai sama da dubu uku, Bara'atu ce ta fi kowa maki, kuma ita za ta hau dandamali ta yi jawabi a madadin sauran. Manyan baƙi biyu ne za su yi magana, wata Farfesa Lubna Abdullahi daga Abuja, da wani Alhaji mai kamfanin motoci da za a ba digirin girmamawa. Kowane ɗalibi kati biyu aka ba shi na shiga zaure. Ɗaya nawa, ɗaya ga shi nan a cikin ambulan.

Ita da kanta ta kawo mini, ta ce, "Mama, ki aika wa Inna ta Shagamu. In ni na aika ba za ta amsa ba." Ki karanta wannan sau biyu.

Na san abin da za ki ce. 'Yar fari ce, ba a kiran sunanta, ba a yabon ta, ba a nuna an san da ita. Shekara ashirin da biyu ke nan tun da kika kawo mini ita riƙo, kuma shekara ashirin da biyu kina ce mata "'yarki" ko "yarinyar nan", kamar wadda aka tsinta a tasha. Kakarmu Iya Abu da ta koya miki wannan kunyar a Maƙarfi ta shekara goma sha biyar a ƙasa. Ba za ta taso ta hana ki ba.

Ƙarshen watan Mayu yarinyar za ta tafi Malesiya ƙarin karatu, shekara huɗu. Ba na son ta bar ƙasar nan tana zaton wadda ta haife ta ba ta damu da ita ba, domin abin da take zato ke nan, ko ba ta faɗa ba. Ki zo.

Yayarki,
Harira


Sabo, Shagamu
12 ga Afrilu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya ranar Alhamis. Malam yana gaishe ki, yara ma suna gaishe ki. Gwiwar nan ki gwada man kaɗanya da ɗumi, ki rage hawa sama.

Na ji labarin 'yarki. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a abin da aka samu, ya saka miki da alheri ke da maigidanki marigayi Malam Muhammadu da kuka yi wahalarta.

Katin kuwa ga shi na mayar. Ki ba wanda ya dace, ko a cikin dangin marigayi. Yaya, ki yi mini adalci. Ni in zauna a gaban mutum dubu ana yabon 'yar fari, in sa idona ina? In aka gan ni ina murmushi a ce ga marar kunya, in na haɗe fuska a ce baƙin ciki nake. Ke aka kai makarantar kwana kika saba da irin waɗannan wuraren. Ni daga aji shida aka bar ni gindin Iya Abu, abin da na tashi na gani shi nake yi. Ban taɓa jin uwarmu ta kira sunanki ba har ta rasu, kuma ban ji kin ce ba ta son ki ba.

Maganar abin da take zato, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Allah ya san abin da ke cikin nawa.

Ga goro ƙwarya biyu a raba wa maƙwabta, da yadin adire guda, rinin Yarabawa. Ki san yadda za ki yi da shi.

Ƙanwarki,
Kulu


Unguwar Dosa, Kaduna
17 ga Afrilu

Kulu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, in ban da ran da kika ɓata mini.

A gabanta na buɗe ambulan ɗin, don ban zaci za ki iya ba. Katin ya faɗo ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka, ta karkaɗe shi, ta ajiye a kan talabijin, ta ce, "Ai na faɗa miki, Mama." Ta shige ɗaki. Ran nan ba ta ci abincin rana ba.

"Wanda ya dace." Wato ke ba ki dace ba, ko ita ce ba ta isa ki yi mata tafiyar kwana ɗaya ba? Da aka yi auren 'yar maƙwabciyarki a Ilori kwana uku kika yi a can. Kuma yadi take nema? Yadi ya cika Babbar Kasuwa.

Kin kawo maganar uwarmu. To bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da na gama kwalejin horon malamai na shigo gida da takardata, ta dube ni ta ce in je in ɗebo ruwa. Na ɗebo. Yau shekarata hamsin da tara, har yanzu in na tuna sai na ji ɗaci a bakina. Kada ki sake auna yarinyar nan da ni.

Ga katin na sake sakawa. Ki ji da kyau, in ba ki zo ba ni ma ba zan je ba. Ta hau ta yi jawabinta a gaban kujeru biyu babu kowa, in an tambaya in ce a tambayi Shagamu. Kin san ni, ba na faɗar abin da ba zan yi ba.

Harira


Unguwar Dosa, Kaduna
28 ga Afrilu

Kulu,

Ina fatan kin isa gida lafiya, tunda ba ki ga ya kamata ki yi mini sallama ba. Na fito daga banɗaki da safiyar Lahadi na tarar kin naɗe tabarma kin tafi. Na kira wayarki sau tara. To ga takarda, kuma sai kin ji abin da kika yi daga bakin wadda ke zaune kusa da ke, don na lura idonki a ƙasa yake tun da muka shiga har muka fita.

Da ban matsa miki kin zo ba da ya fi. Wannan kam na yarda.

Kin dai ga yadda aka fara. Alhajin motoci ya riƙe lasifika minti arba'in yana ba mu tarihin kowace mota da ya saya, hular digirin tana zamewa yana turawa, mutane suna fifita da takardar shiri. Duk na haƙura, don na san abin da nake jira. Sai Farfesa Lubna ta tashi. Mace mai hankali, ba na ɗora mata laifin komai. Ta yi magana a kan karatun 'ya'ya mata, gajere, sannan ta ce a kawo mata yarinyar da ta fi kowa. Bara'atu ta hau. Zauren nan ya ɗauki tafi har ƙasa tana motsi. Farfesa ta riƙe hannunta, ta bar Turanci ta koma Hausa, ta ce, "Ina mahaifiyar wannan yarinya? Ta miƙe mu gan ta, mu tafa mata."

Layi na huɗu muke, Kulu. Yarinyar tana kallon mu. Ke kuwa kika ja mayafi kika rufe rabin fuska kamar an ce ga ɓarawo.

Farfesa ta jira, ta sake cewa, "Mama, kada ki ji kunya, yau ranarki ce." Mutane suka fara waige-waige. Wata mata a bayanmu har ta ce, "Ko ba ta samu shiga ba ne?" Ina jin numfashinki. Ba ki motsa ba.

Sai Farfesa ta juya ta dubi Bara'atu, ta ga hawaye yana zubo mata. Me kike so ta zata? Ta dafa kafaɗarta ta ce, "Allahu akbar. Ashe ta riga mu gidan gaskiya." Ta ce kowa ya yi wa marigayiya addu'a bisa addininsa, Musulmi su karanta Fatiha. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi magana, lasifika tana hannun Farfesa, kuma kafin ta haɗa kalma hannu dubbai sun riga sun tashi sama.

Abin da ba zan yafe miki ba shi ne wannan. Na waiga na gan ki kin ɗaga hannu ke ma. Kika karanta, kika shafa. Fatihar mutuwarki, kina zaune da ranki da lafiyarki, 'yar da kika haifa tana tsaye tana kallon ki.

Bayan nan aka ba ta lasifika ta yi jawabinta. Ke ba ki san abin da ta tsallake ba, ni na sani, don mako biyu tana gwada shi a falona ina riƙe da agogo. Shafi uku ne. Na biyun gaba ɗaya a kanmu yake, ni da ke. Akwai inda ta ce, "Allah ya ba ni uwa biyu, ɗaya ta ba ni rai, ɗaya ta ba ni alƙalami, kuma yau duka suna cikin zauren nan." Ta karanta shafi na ɗaya, ta ɗaga na biyu ta mayar ƙasa, ta karanta na uku. Muryarta ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Kada ki ce me ya sa ni ban miƙe ba. Mahaifiya aka ce. Ni ban haifa ba, duk Unguwar Dosa an sani, ba sai na tashi a gaban duniya na karɓi abin da ba nawa ba.

Yanzu hoton abin yana yawo a wayoyi, an rubuta "marainiyar da ta fi kowa". Jiya mata biyu daga tsohon ofishinmu suka zo yi mini ta'aziyyar ƙanwata, suna mitar ban sanar da su ba. Yau da safe Bara'atu ta nemi lambar Farfesa ta kira ta da kanta, ta ce mata uwarta tana raye, ta ba ta haƙuri. Ina jin ta daga ɗaki. Da ta gama na ce sai ta shirya ta je Shagamu ta yi miki sallama kafin tafiyarta. Ta ce, "Mama, ai an riga an yi sallamar ranar Asabar."

Wata ɗaya ya rage. Ke kika ɓata, ke za ki gyara.

Harira


Sabo, Shagamu
9 ga Mayu

Yaya,

Salamu alaikum. Na iso lafiya, na gode da tambaya. Na daɗe ban amsa ba don na rubuta sau biyu ina yagawa, saboda abin da ya fito bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayarta ba. Wannan ta uku ce, kuma ba zan yaga ba. Ki yi haƙuri da abin da za ki gani.

Ba sai kin ba ni labarin hoton ba, ya riga ni zuwa Sabo. In na fita ɗibar ruwa matan layinmu sai su ce, "Marigayiya, an tashi lafiya?" su kwashe da dariya. Ina yi musu dariyar ni ma. Malam da aka nuna masa ya ce Allah ya kyauta, ya sa takalmi ya tafi rumfar goro, har yau bai ƙara tayar da maganar ba.

Kin ce na shafa Fatiha. Na shafa. Kowa ya ɗaga hannu, in ni kaɗai na ƙi, ni za a kalla, abin da nake gudu ke nan tun farko. Kuma neman rahama ba ya ɓaci don an yi wa mai rai. A wannan lokacin ma na fi matattu bukatar ta.

Amma laifi tudu ne, Yaya, kin taka naki kin hango nawa. Kin ce idona a ƙasa yake tun da muka shiga. Ba gaskiya ba ne. Da matar nan ta yi kira na farko, na ɗago na dube ki. Da ta yi na biyu, na sake duban ki, har na dafa hannun kujera, ƙafata ɗaya ta riga ta ja baya. Jira nake ki taɓa ni da gwiwar hannu, ko ki ce, "Tashi mana, Kulu." Kalma uku. Ke ce babba, ke kika raine ta, a garinki muke, a gaban mutanenki. Yaushe na taɓa miƙewa a kan maganar yarinyar nan ba da izininki ba? Kika kafe idonki a gaba, kika datse baki. Ke da kika ji numfashina, ba ki ga na juyo ba?

Tunda abin ya zo ga tone-tone, bari in tuna miki. Ranar da na kawo ta gidanki tana shekara biyu, kika karɓe ta daga bayana, kika ce a gaban Iya Abu, "To daga yau ki cire ido." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na shiga mota, har muka wuce Jebba gaban rigata a jiƙe yake, ina rufewa da mayafi kada maza su gani. Ban yi kuka ba, don an ce abin kunya ne. Na cire ido kamar yadda kika ce.

Da ƙyanda ta kama ta tana shekara biyar na zo, na zauna a bakin ƙofa ina ce miki "ya mai jiki" kamar maƙwabciya, ke kina ciki kina riƙe da ita. Ba ki ce in shigo in karɓe ki ba. Duk zuwan da na yi gidanki, in baƙi suka tambaya sai ki ce, "Ƙanwata ce daga kudu." Ban taɓa jin kin ƙara komai a kai ba. Kuma wa ya koya mata "Inna ta Shagamu"? Yarinya ba ta ƙirƙiro wa uwarta suna da kanta.

Shekara ashirin da biyu kunyata tana yi miki amfani, ba ki taɓa cewa tsohon yayi ba ce. Sai da aka zo gaban mutum dubu kika tuna zamani ya canza, kika ce in koyi miƙewa a minti ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kin ce ba ki tashi ba don mahaifiya aka ce. Yaya, ranar rabon kyauta a firamare da sakandare, da ranar da aka ɗauke ta jami'a, duk inda aka ce ina uwarta ke kike tashi, ke ma kike ba ni labari da bakinki. Me ya sa sai ranar da nake zaune kusa da ke kika tuna ba ki haifa ba? Wannan tambayar nake so ki amsa, tsakaninki da Allah.

Maganar zuwanta nan, ƙofa a buɗe take. Amma ba zan roƙi 'yar fari ba, ban san yadda ake yi ba.

Kulu


Unguwar Dosa, Kaduna
16 ga Mayu

Kulu,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya. Ni jinina ya ɗan hau, likita ya ƙara mini ƙwaya, ba wani abu ba ne.

Da na karanta takardarki na yi niyyar in aiko miki da amsar da za ta hana ki cin abinci. Har na fara. Sai na zo kan tambayarki, na rasa ƙaryar da zan rubuta wadda ke ba za ki gane ba.

Na gan ki. Sau biyun duka na gan ki ta gefen ido, na ga hannunki a kan kujera. Na san in na taɓa ki za ki tashi. Ban taɓa ki ba.

Ga abin da ke raina, tunda kin haɗa ni da Allah. Tun da yarinyar nan ta fara gwada jawabinta a falona, duk lokacin da ta zo kan "uwa biyu" sai in kau da kai. Ni na yi jinyar, ni na yi zaryar makaranta, ni na zauna da ita a kan lissafi har ta wuce inda na iya, amma a takardarta mu biyu ne, kuma ke ce a farko. Da gaske nake son ki zo, wallahi da gaske. Amma da Farfesa ta yi kira, sai zuciya ta ce mini, bari ta gani da idonta. Bari a kira sau ɗaya, sau biyu, ta ga wadda ba ta tashi ba, a kira na uku sai in miƙe ta ga wadda take tashi kullum. Na ƙudurta haka, har na gyara mayafina. Ban san matar ba za ta yi kira na uku ba.

To kin ji. Amma kada ki ɗauka wannan ya wanke ki. Har yanzu ina jin haushinki, don da kin tashi a kiran farko da shaiɗan bai samu inda zai zauna a tsakaninmu ba.

Na faɗa wa Bara'atu duka, ranar Talata bayan la'asar. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Wato ku biyu kuna ja-in-ja, ni ce igiyar." Ta ɗauki jaka ta tafi Kinkinau wurin ƙawarta Fiddausi, sai jiya ta dawo. Tana gaishe ni, tana yi mini shara da girki, amma hira ta ƙare.

Na gaya mata kin yunƙura za ki tashi, na ce ta je ta same ki. Ta ce, "Wadda ba ta taɓa kiran sunana ba, in na je me zan ce mata? In tana da magana da ni ta yi da ni, ba ta hannunki ba. Na gaji da zama 'yarki a bakinta."

Tikitinta ya fito, Alhamis 29 ga wata. Kwana goma sha uku. Kin ce ba ki san yadda ake roƙon 'yar fari ba. Ba roƙo take so ba. Ki yi mata magana ita da kanta, ko da layi biyu ne. Ni na faɗi nawa abin kunyar, kuma ban mutu ba.

Yayarki,
Harira


Unguwar Dosa, Kaduna
2 ga Yuni

Kulu,

Gaisuwa. Muna lafiya, in mutum ɗaya a gida mai ɗaki uku ana ce masa "mu".

Malam Rabi'u ya iso jiya Lahadi. Motarsa ta lalace a hanya, kwana biyar suna jiran kayan gyara, goron ma rabi ya ɓaci. Ya miƙo mini ambulan yana ba ni haƙuri, ya ce tun ranar 24 kika ba shi, kika ce ya sa a aljihun gaba kada ya haɗa da takardun kaya.

Bara'atu ta tafi ranar Alhamis. Na raka ta tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, daga nan Abuja. Tun daga gida har muka isa wayarta tana hannunta, tana dubawa tana kifewa. Ban tambaye ta kiran wa take jira ba. Da za ta shiga ta rungume ni ta ce in riƙa shan magani a kan lokaci. Ba ta ba ni saƙon kowa ba.

Waya tana hannunki, Kulu. Minti ɗaya ya ishe ki. Kika ɗauki maganar da aka shekara ashirin da biyu ana jira kika ɗora ta a kan motar goro. Da kina kusa da na yi miki abin da ban taɓa yi miki ba tun muna yara.

Ban buɗe ba, ba tawa ba ce. Amma na ga bayan ambulan ɗin. Na ga kin rubuta sunanta, harafi bayan harafi, kin danna biro har ya huda takardar a wuri biyu. Na daɗe ina kallon sa a tsaye a bakin ƙofa, Malam Rabi'u yana jira in sallame shi.

Na ɗauki hoton bayan ambulan ɗin kawai na tura mata, ban rubuta komai a ƙasa ba. Na ga alamar ta buɗe. Aka jima, sai ga amsarta: "Mama, rubutun wane ne wannan?"

Ba gatse take yi ba. Ba ta sani ba ne, ba ta taɓa ganin rubutunki ba.

Ban amsa mata ba, kuma ba zan amsa ba. Na gama yi muku tafinta. Ga sabuwar lambarta ta can a ƙasan takardar nan, sun riga mu da awa bakwai, saboda haka ki kira da safe. Tana jiran a gaya mata wanda ya rubuta sunanta. Ki gaya mata da bakinki.

Harira